Fatar Kifi a Kuncin Labbo

Asabar, 4 ga watan Ƙaramar Sallah, bayan la'asar

Ni Bawa, da na daɗe da sallama hanyar Isa, yau ga ni a Isa. Ƙanena Labbo ne ya jawo ni daga Sabon Birni, ko in ce kuncinsa na hagu. Yana kwance tun abin da ya faru a Tsamaye ranar Laraba, da 'yan bindiga sunka shiga garin. An ce rumbunsa na ci da wuta ya shiga fiddo gero, jinka ta rufto masa. Wutar ta ci kuncin tun daga gefen baki har kunne, ta lashi wuya kaɗan. Ban tambaye shi wa ya kunna ba. Ba abin tambaya ba ne.

Wasu likitoci sunka zo daga Sakkwato, sunka kama ɗakuna a nan don waɗanda abin ya shafa. Babbarsu mace ce, Dakta Khadijat, Bayarabiya haihuwar Sakkwato. Tana ganin tsagar Gobir a fuskata ta ce, "A'a, bawana ne ya zo da ƙafarsa? Baba, zauna ƙasa, kujera ta iyayengiji ce."

Na ce, "Ɗiyar nan, ubanki ni na saye shi a kasuwar Bafarawa, kuma sai da na yi nadama."

Ta yi dariya har da dafa teburi. Wasan gado ne tsakaninmu da su, na sani. Duk da haka ban saki jiki ba. Dariyar ta yi saurin zuwa.

Litinin, 6 ga wata, da hantsi

Ta kira ni ta nuna mini abin da take son liƙa wa ƙanena. Yana cikin leda a rufe, fari-fari, shafal kamar takardar da ta sha ruwa ta bushe. Wai fatar kifi ce, daga wani teku mai sanyi can nesa. An wanke duk abin da ke da rai a cikinta, an bar saƙar kawai.

Ta ce, "Ka san yadda wake ke bin karan dawa? Haka naman Labbo zai bi saƙar nan ya haye. In ya gama hawa, ita sai ta narke. Abin da zai rage fatarsa ce, ba ta kifi ba."

Na ce, "An yanka kifin?"

Ta ce, "Baba, a Gobir yanka kifi kuke yi?"

Na karɓi ledar na shinshina. Babu ƙarni. Na yi shekaru ina cin kifin gulbi, ban taɓa gamuwa da wanda ba ya ƙarni ba, ko busasshe. Na ce mata akwai wata dabba da ba na son kiran sunanta, wadda na ji Turawa ba su zubar da komai nata. Ta juya ledar ta nuna mini hoton kifi a baya. Hoto kuwa ko ni in an ba ni alƙalami sai in zana.

Na ce, "To don mi mu? Masu kuɗin Abuja sun ƙare ne, da za a kawo sabon abu a fara da talakan Tsamaye?"

Ta ce, "Ba da ku anka fara ba, an daɗe ana sa wa mutane. Kuma masu kuɗin Abuja ba su shiga rumbu."

Labbo bai iya buɗe baki sosai. Ta gefen dama ya ce, "Yaya, bari ta sa." Maganarsa ta farko ke nan tun da na zo.

Talata, 7 ga wata, bayan azahar

An sa. An naɗe. Kullum kunnenmu na wajen daji, ko za a ji harbi. Ba a ji komai ba yau.

Alhamis, 9 ga wata, bayan asuba

Na tare limamin unguwar da nake kwana. Ya ce kifi halal ne ko ya mutu da kansa, sallar Labbo tana nan, ya yi shafa a kan bandeji. Sai ya ƙara da cewa, "In dai kifin ne." Na ce ai nan muke.

Kakata tana da labarin wani mutum da ya ari fatar kura don ya je biki a tsorata da shi. An tsorata. Da ya dawo gida fatar ta ƙi fita, har matarsa ta rufe masa ƙofa. Muna yara dariya muke yi. Jiya ina zaune gefen Labbo labarin ya dawo mini, ban yi dariya ba. Na duba bayan kunnensa ko ɓawon kifi ya fara fitowa. Nas ta kama ni, na ce ƙuda nake kora.

Juma'a, 10 ga wata, bayan an sauko

An ji wani abu ta yamma. Liman ya gajarta huɗuba.

Litinin, 13 ga wata, da walaha

An kwance bandeji ina tsaye. Abin ya koma rawaya, ya yi laushi kamar kunun da ya kwana. Na ce shi ke nan, ya ruɓe, Bayarabiya ta kashe mini ɗan'uwa. Ta ce in matso in duba gefe-gefe. Akwai wani ja-ja yana shigowa daga bakin ciwon, kamar yadda ciyawa ke cin fili daga gefen rafi. Ta ce wannan Labbo ne. Rawayan kuma kifi ne yana ban kwana.

Ban ce na yarda ba. Na ce na gani.

Mai gadon kusa, wani mutumin Burkusuma da anka cire wa abu daga cinya, ya jira sai da Labbo ya yi barci ya ce, "Baba, ƙanenka mai sa'a ne. A garinmu ba su barin mutum ya kusanci rumbu." Na ce sa'a daga Allah take. Ya ce ƙwarai. Ya daɗe yana cewa ƙwarai.

Juma'a, 17 ga wata, bayan la'asar

Sabis ya dawo, matata Saude ta kira daga gida. Ta ce in Labbo ya dawo za ta ɗaure kyanwarta, kada ta kwana tana lasar masa fuska. Na yi dariya. Sai ta rage murya ta ce, "Malam, ana magana." Wai ranar Larabar an ga Labbo tsaye da mutanen nan kafin wutar. Wai bayan haka sun bar shi yana fiddo dami ba wanda ya taɓa shi. Ta faɗi wanda ya fara faɗa. Ba ni rubuta sunansa, muna haɗuwa a sahu.

Ba a ji komai ba yau.

Talata, 21 ga wata, da hantsi

Yau na ga abin da ya kamata in gani tun farko.

Ciwon ya rufe. Fata sabuwa fes, ja-ja, sumul, har da ɗan ƙyalli. Nas-nas suna ta shigowa kallo. Na tsaya ina kallo tare da su, sai na ji wani abu bai cika ba. Na zaga dama: ga tsagar gidanmu tana nan, daga gefen baki ta bazu har kunne. Na dawo hagu: babu ko ɗaya.

Ni na riƙe ƙwaryar ruwa ranar da wanzami ya yi masa su, ran sunansa. Ban fi shekara goma ba. Na tuna kukansa, na tuna Inna ta juya baya tana kallon bango.

Na sami likita na ce, "To, Bayarabiya, kin yi abin da kakanninki sunka kasa. Kin shafe Bagobiri."

Na zaci za ta rama. Ba ta rama ba. Ta ce, "Baba, wuta ce ta ɗauke su, tun kafin ya iso hannuna. Fatar da ke fitowa yanzu ba ta san an taɓa yi mata aska ba." Ta ce da ba a sa abin ba, da wurin ya warke da tabo mai kauri ya janye masa baki gefe, ko tuwo sai da dabara.

Ta yiwu haka ne. Amma ta ɗauki hoton kuncin sau da yawa, kuma ban san inda hotunan za su ba.

Labbo ya nemi madubi. An ba shi. Ya duba ya mayar.

Lahadi, 26 ga wata, bayan magariba, Sabon Birni

An sallame mu. Dokokin likita: kada rana ta buge wurin, a shafa mai safe da yamma, kada a sosa, kada aska ta kusance shi ko don gemu. Ta ce mini, "Bawana, na ba ka ajiya." Na ce a Gobir ba mu karɓar ajiyar bayi. Ta ce ai ka riga ka karɓa.

A hanya akwai shingen 'yan sa-kai. Mutanenmu ne, su ke tsare hanya yanzu, da bindigogin maƙera da jajayen idanu. Sunka sauke kowa daga mota. Mai duba mu ya dubi fuskata ya ce in wuce. Ya zo kan Labbo ta dama, ya ɗaga hannu zai ce wuce, sai Labbo ya juya.

Mai dubawar ya ce, "Ta nan Bagobiri ne. Ta nan kuma wa ye?"

Na fara bayanin kifi. Ban kai ga teku ba na ga bayanin na ƙara ɓata abin. Allah ya sa akwai wani a cikinsu da na taɓa raba ubansa da maƙwabci rigimar iyakar gona. Shi ya ce a bar mu.

Asabar, 3 ga Zulƙida, da yamma

'Yan dubiya sun cika zaure kwana da kwanaki. Kowa sai ya zauna ta hagunsa. Suna cewa sannu, idonsu na kan kunci.

Maganar ta sake kama. Yanzu cewa ake tsagar Labbo dama can ba ta gaskiya ba ce, zane ne irin wanda masu kai wa mutanen nan labari ke yi don su saje da mu, wuta ta wanke rabi. Mutumin da anka haifa a ɗakin da ke bayan wanga zaure. Mutumin da ya yi kokawa a gaban rabin masu faɗin. Na gaya wa wani dattijo ni na riƙe ƙwarya. Ya ce, "Ai kai ba wanda ya ce komai a kanka."

Hussaini, makiyayin da shanuna biyu ke hannunsa tun zamanin ubansa, an sauke shi daga mashin a shingen hanyar Tsamaye ranar kasuwa. Shi ba shi da tsaga, ba a yi a gidansu. Har yau matarsa na zuwa bakin hanya. Ba shanun nake tunani ba. To, su ma ina tunaninsu.

Talata, 6 ga wata, bayan azahar

Hadari ya haɗu a gabas, iska ta kwashe shi.

Asabar, 10 ga wata, bayan la'asar

Labbo ya ce in kira masa wanzami.

Na ce, "Ka ji abin da likita ta ce."

Ya ce, "Likita na Isa. Gonata na Tsamaye. In ruwa ya sauka ban shuka ba, mi za ni ba Sadiya da yara? Hoton kuncina?"

Sadiya matarsa ce, tana can ba ta baro garin ba. Kuma tsakaninmu da can akwai shingen nan da anka sauke Hussaini.

Na hau tudun bayan makaranta inda waya ke kamawa, na kira Dakta Khadijat. Ban ɓoye mata ba. Wannan karon babu bawana. Ta ce, "Baba, abin da ka gani a sama rufi ne kawai, ƙasa ana kan gini. In aska ta shiga yanzu, ko ya ƙi rufewa, ko ya rufe da kumburin da zai ja bakin. Kuma ba ni da wata a ajiye. Ku ba shi shekara, in ma dole ne."

Na ce, "Shekara a wurinku ba wuya. Mu nan sati ma da ƙyar muke hango shi."

Sai ta ce, "Na sani."

Ina saukowa ina cewa a raina, aikinta take karewa, kada a ɓata mata abin nunawa. Ina kuma cewa, in ƙarya take, mi za ta samu? Har na iso gida ban raba gardamar ba.

Talata, 13 ga wata, bayan magariba

Muna cin tuwo ni da shi. Yana tauna ta kowane gefe yanzu, ba ya ko lura. Na zuba masa ido. Shin an gan shi tsaye da su? In an gan shi, tsayuwar mi ce? Mutum na iya tsayawa don roƙo. Mutum na iya tsayawa don ƙafafunsa sun ƙi tafiya.

Na buɗe baki in tambaye shi, sai na ji na ce ya miƙo mini yaji.

Ba a ji komai ba yau. Ko an ji, ni ban ji ba.

Alhamis, 15 ga wata, da hantsi

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa, har ya ratsa ƙasa.

Na jira Saude ta tafi barka, na aika aka kira Ɗan'auta wanzami. Sa'ana ne, hannunsa bai fara rawa ba tukuna. Ya ce ya manta rabon da a kira shi tsaga, iyayen yanzu ba su so. Ya shimfiɗa zabirarsa, ya wasa aska a tafin hannu, ya daɗe yana nazarin kuncin dama don ya kwafa.

Ya ce, "Ni dai ban taɓa yi wa mai furfura ba. Balle kifi. In ya yi tsalle ba ruwana."

Labbo ya ce, "Yi aikinka, tsohon banza."

Ɗan'auta ya ce, "To, wa ke riƙe kai? A al'ada babba ke riƙewa."

Na zauna, Labbo ya ɗora kansa a cinyata, hagu a sama. Na sa hannu in danne. A nan na gane tun da anka sa abin ban taɓa shi ba. Na shinshina, na leƙa, na yi gardama a kansa, amma yatsana bai sauka a kai ba sai yau.

Da ɗumi. Laushi kamar cikin kunnen ɗan akuya. Ina jin jini na bugawa a ƙarƙashi, kusa ƙwarai, kamar babu komai tsakaninsa da yatsana. Wajen haɓa wasu 'yan gashi sun fara tsirowa, farare, irin nasa. Kuma jikin Labbo rawa yake yi, mutumin da ya shiga rumbu yana ci da wuta.

Ɗan'auta ya yi bisimilla ya kawo aska. Na ce, "Mayar da ita."

Labbo ya ce, "Yaya."

Na ce, "Na ce a mayar."

Ya tashi zaune. Ya ce, "To kai za ka tsaya mini a shingen?"

Na ce ni.

Ya ce, "Kai da ko kasuwa ba ka zuwa sai ka tambayi wa ya dawo?"

Ɗan'auta ya naɗe zabira ya ce tun da an tashe shi, a kawo kan wani ya aske. Na ba shi nawa.

Juma'a, 16 ga wata, bayan asuba

Saude ta ji za ni raka Labbo Tsamaye. Ba ta yi faɗa ba, sai ta ɗaure mini kaya har da maganin gwiwa. Da ta yi faɗan ya fi mini sauƙi.

Asabar, 17 ga wata, bayan la'asar, Tsamaye

Mashin ɗaya munka hau, ni a tsakiya, Labbo a baya da malfa da irin gero a cinya. A shinge anka tsayar da mu. Babu wanda na sani a cikinsu.

Babbansu, wani dogo mai layu har gwiwar hannu, ya dube ni ya ce, "Baba, kai wuce. Wanga ya tsaya, mun ji labarinsa."

Na ce, "Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya ce, "Mun ji. Wuce."

Na sauka. Na nemi tsakiyar hanya, daidai inda sunka gitta icce, na cire hula na zauna a ƙasa. Na ce to ni ma na tsaya.

Mashina sunka fara taruwa a baya, kowa na son ya kai gona. Wata tsohuwa ta ce, "Yau kuma dattijon Gobir kuke shanyawa a rana?" Wani ya ce a bar mutane su wuce mana. Dogon ya dube su, ya dube ni. Sai ya je wurin Labbo ya ture malfar. Ya tofa yawu a babban yatsa, ya fara da kuncin dama, ya murza tsagar ya ga ko za ta goge. Ba ta goge ba. Ya koma hagu.

Na tuna dokokin likita duka a lokaci ɗaya. Ya danna, ya murza, kamar mai gwada ko atamfa na zuba. Labbo ya ƙura wa ƙasa ido. Ni fatar nake kallo. Ta yi fari a ƙarƙashin yatsan, ya ɗaga ta koma ja. Babu jini.

Dogon ya duba yatsansa ya goge a riga. Ya ce, "Ƙuna ce."

Na ce, "Tun ɗazu ai."

Ya ce, "Ku tafi. Amma duk ranar da zai bi ta nan, Baba, in gan ka tare da shi. In na gan shi shi kaɗai, ban san shi ba."

Na tambaye shi Hussaini. Ya ce bai san wani Hussaini ba, ya juya wurin mashin na gaba.

Lahadi, 18 ga wata, da walaha

Da gari ya waye na ja Labbo bakin ƙofa na duba kuncin a haske. Ɗan shatin yatsa ne kawai, ya fara bajewa. Sadiya ta shafa masa mai. Ya ce baɗi war haka sai an yi masa tsagarsa. Na ce Allah ya kai mu baɗin, a yi gardamar.

Sun fita gona, shi da sungumi, ita da ƙwaryar iri. Maƙwabta biyu sun gaishe ni, ɗaya ya haɗa da shi.

Taki sai an sayo a Sabon Birni, likita kuma ta ce a kawo mata shi ta gani bayan Babbar Sallah. Duk ta shingen nan ne. Na hau jujin bayan gari na sami sabis, na gaya wa Saude kada ta sa rai da ni kafin girbi.